Alade ko asusu: wace alama za mu sa wa "ajiya" a manhajar adashi?

Ɗan Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma ina so a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Sati uku ke nan ina zana alamomin wata manhaja ta adashi. Waɗanda za su yi amfani da ita yawanci mata ne 'yan kasuwa, da masu sayar da abinci, da masu sana'ar cikin gida. A ƙasan allo akwai maɓallai biyar: gida, zubi, kwasa, ajiya, saƙo. Ogan aikin ya ce kada in sa rubutu ko ɗaya a ƙarƙashinsu, wai yawancin matan ba sa karatun boko, kuma rubutu yana cika allo.

Na ɗauko alamomin daga tarin Material na Google, tunda kyauta ne kuma tsarinsu ɗaya. Alamar ajiya a cikinsu alade ce mai tsaga a gadon baya. Ban kawo komai a raina ba na saka. Jiya da daddare na miƙa wa mahaifiyata wayar, na ce Umma nuna mini inda za ki danna in kina son ajiye kuɗi. Ta daɗe tana kallo, ta matso da wayar kusa da ido, sannan ta ce, "Me alade yake yi a cikin kuɗina?" Ta turo mini wayar ba ta taɓa komai ba.

Tambayata biyu ce. Me zan zana a madadin aladen? Kuma shin alama kaɗai ta isa, ko in koma in ja da oga a kan rubutu?

Yaya Mai Figma:
Wa alaikumus salam ƙanena. Umma ta yi maka aikin da kamfanoni ke biyan kuɗi a yi musu. Cire aladen yau. Muna da namu abin ai, asusun ƙasa, wanda ake siyo wa yaro ya riƙa jefa kuɗi sai sallah ta matso a fasa. Duk macen da ta haura shekara talatin ta san shi.

Malam Injiniya:
A cire alade, wannan babu gardama. Amma ina jan hankalinka kada abin ya ɗebe ka ka ce komai sai ka mayar da shi na gargajiya. Na ga manhajar da aka mayar da alamar gida ta zama bukka, saƙo ya zama kalangu, saiti ya zama ban san me ba. Ta yi kyau a hoton talla, amma mai amfani ya ɓata a ciki. Matan nan da kake magana a kansu kullum suna cikin WhatsApp da Facebook da TikTok. Sun riga sun koyi cewa ɗan gida mai rufin dala shi ne farko, gilashin ƙara girma shi ne nema, makirufo shi ne magana. Abin da suka koya da wahala kada ka ƙwace musu.

Alama ba ta zuwa da ma'anarta a goshi, koyonta ake yi. Layukan nan uku da ke ɓoye jerin zaɓi, Norm Cox ne ya zana su wa kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981. Alamar da ke kan maɓallin umarni na Mac, Susan Kare ce ta tsinto ta a littafin alamomi, asalinta a ƙasashen arewacin Turai irin Suwidin ake sa ta a allon hanya don nuna wurin tarihi. Babu ruwanta da kwamfuta, yawan gani ne ya ba ta ma'ana.

Yaya Mai Figma:
Malam, na yarda da rabin maganarka. Gida da nema da makirufo a bar su yadda suke. Amma layukan nan uku da ka kawo misali, ai su ne hujjata. Shekaru nawa suna yawo, har yanzu mutane da yawa ba sa danna su. Facebook ta sauke su daga babban shafinta na iPhone a 2013 ta koma jerin maɓallai a ƙasa, Spotify ma ta yi haka a 2016. Wato tsufan alama ba shi ne ganewa ba. Kuma ajiya da zubi da kwasa babu su a WhatsApp balle a ce sun koya a can. A nan dole ya zana nasa.

Malam Injiniya:
To a kan waɗannan ukun ba mu saɓa ba, Hajiya.

Ɗan Zane:
Na gwada asusun tun da safe. Ga matsalar: a babba ya yi kyau, da wuyansa da gindinsa da ɗan zanen da magina ke yi a jiki. Da na rage shi zuwa 24dp (dp ma'aunin girma ne a allon Android) sai ya koma kamar tulu. Abokin aikina ma cewa ya yi albasa ce.

Yaya Mai Figma:
Saboda daga babba ka faro. Juya aikin. Buɗe fili 24 sau 24, bar gefe 2 ta ko'ina kamar yadda tsarin Material ya tanada, ka ga saura 20 sau 20 ke nan, nan ne gonarka. Kaurin layi 2. Yanzu ka tambayi kanka, mene ne ya sa asusu ya zama asusu ba tulu ba? Ba wuya ba ne, ba ado ba ne, tsagar nan ce da kuɗin da ke shiga. To ka zubar da komai ka bar abu uku: ƙwaryar jiki mai faɗin ciki, tsaga a kwance a sama, da sulalla rabinta ta shige rabi tana waje. Ka ba sulallar girma fiye da yadda take a zahiri, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon alamar. Kada ka sa mata rubutu ko adadi a jiki, zai cakuɗe.

Sannan ka lura layukanka su zauna a kan cikakkun lambobi. In tsagar ta faɗo a 7.5 maimakon 7 ko 8, a ƙaramar waya za ta yi dishi-dishi kamar an shafa mata mai. Susan Kare da Malam ya ambata, alamomin Macintosh na 1984 a fili 32 sau 32 ta yi su, baƙi da fari kawai, kuma a takarda mai gida-gida ta fara, tana cike gida ɗaya bayan ɗaya. Har gobe in na maƙale takarda nake ɗauka in yi haka. Tana tilasta maka ka zaɓi abin da ya zama dole.

Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: da'ira da murabba'i in faɗinsu ɗaya ne, ido zai ga da'irar ta fi ƙanƙanta. Shi ya sa a tsarin nan ake ba da'ira 20, murabba'i 18. Asusunka mai zagaye ne, in ka jera shi da gida ka ba shi ɗan ƙari, in ba haka ba zai yi kamar maraya a layin.

Mai Gyaran Waya:
Ni ba mai zane ba ne, gyara nake yi a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, amma ku ba ni dama. Ku da kuke zane a babbar kwamfuta cikin ɗaki mai sanyi, ku zo ku ga wayoyin da ake kawo mana. Itel, Tecno, tsohuwar Infinix. Gilashi ya tsage an manna wani a kai, shi ma ya tsage. An rage haske zuwa ƙasa don caji ya kai yamma. Wasu faɗin allonsu fiksel 480 ne kacal. Mai wayar kuma tana tsaye a rana tsaka, hannu ɗaya da man gyaɗa ko gari.

Siraran layukan nan masu launin toka da kuke yayi, wallahi a irin wannan waya ba a ganinsu. Sau da yawa mace za ta kawo waya ta ce ta lalace, maɓalli ba ya dannuwa. In na duba lafiyarta lau, maɓallin ne ƙarami, yatsa yana sauka a gefe. Ku yi abu da kauri, ku ba shi fili.

Malam Injiniya:
Allah ya saka da alheri, wannan magana ta fi duk abin da muka faɗa amfani. Kuma tana da ma'auni. Alamar 24dp ce, amma wurin da ke karɓar yatsa kada ya gaza 48dp a Android, wajen milimita 9 ke nan. Apple 44 suka ce a nasu ma'aunin. Batun launi kuma, ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018, ta sauƙaƙa wa masu lalura amfani da yanar gizo, ta ce bambancin haske tsakanin alama da bayanta ya kai 3 bisa 1, ƙaramin rubutu kuma 4.5 bisa 1. Wannan mafi ƙaranci ne. Ga ranar Kano ni sai in ce a wuce haka sosai.

Siraran layukan yayi ne da ya bazu bayan fitowar iOS 7, tsarin iPhone, a 2013, lokacin da Apple ta watsar da alamomi masu inuwa da ƙyalli ta koma shimfiɗaɗɗen zane. An yi shi ne don allo mai tsada. Mu muka kwaso shi muka ɗora wa wayar da ba ta da wannan ido.

Na Maraɗi:
Salama alaikum. Ina bin muhawarar daga nan. Ɗan Zane, tambaya ɗaya: a kan sulallar ko a kan maɓallin zubi, ka sa alamar Naira? In kuna da niyyar manhajar ta ƙetaro iyaka, ku sani mu sefa muke kashewa, kuma ƴan kasuwarmu da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5, jika ɗaya sefa 1000. Harafin N mai layi biyu ba ya ce mana komai. Ka bar kuɗin babu tambari, takarda ko sulalla kawai, sai adadi ya zo a rubutu.

Ɗan Zane:
Na sa ₦ a kan zubi da kwasa duka biyun. Zan cire. Na gode, ban taɓa kawo wannan ba.

'Yar Uwar Adashi:
Mahaifiyata ta fi shekara ashirin tana riƙe adashin unguwarmu, ni nake rubuta mata littafi tun ina sakandare, don haka bari in ce wani abu a kan maganar oganka. Cewa "ba sa karatu" magana ce ta wanda bai zauna da su ba. Mama ba ta iya karanta jarida, amma ta san lambobi sarai, ta san sunan kowace mace a littafin da ganin siffarsa, kuma tana karanta Alƙur'ani. Kalma gajeriya kamar ZUBI ko KWASA, sau biyu za a nuna mata ta riƙe. Wadda ba ta iya ba kuma, ɗanta ko 'yarta za ta miƙa wa, shi kuma rubutun zai karanta ya ce Mama nan ne. In babu rubutu, su biyun duka sai su tsaya cinta.

Kuma a harkar kuɗi ba a cinta. Mace in ba ta tabbata me maɓalli zai yi ba, ba za ta taɓa shi ba, tsoronta kada kuɗin mutane su tafi. Amana ce a hannunta.

Yaya Mai Figma:
Wannan ita ce maganar. Ƙanena, ka kai wa oga ita yadda take. In yana son hujja daga waje, ka ce masa ya nemi aikin Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft ta Bangalore a Indiya. Sun yi shekaru suna gwada manhajoji da mutanen da ba su yi karatu ba. Ko su da suka nemi cire rubutu, ba ƙananan alamomi irin namu suka bari su kaɗai ba. Zane suka yi mai nuna mutum yana aikata abin, suka haɗa da murya mai bayani. Wato in ka cire rubutu sai ka biya da wani abu. Ba a cire shi a bar rami.

Malam Injiniya:
Murya tana da tsada a wajen nauyin manhaja, a lura. Mutanenmu suna goge manhaja in ta cinye musu wuri. Amma kalma biyar zuwa goma da aka naɗa a gajarce ba za su yi nauyi ba. Alamomin kuma ka fitar da su a matsayin zanen layi, wato fayil ɗin SVG mai girma da raguwa ba tare da dishewa ba, ka mayar da shi VectorDrawable, irinsa na Android, tana karɓarsa tun sigar 5.0. In ka ce PNG za ka yi, wato hoto mai tsayayyen girma, kowace alama sai ka fitar da ita sau biyar, 24 da 36 da 48 da 72 da 96, kuma ranar da aka ce a canza launi ka shiga uku.

Ɗan Zane:
To ga wata. Zubi na zana hannu yana miƙa kuɗi, kwasa na zana buɗaɗɗen tafi yana karɓa. Na ɗora hoton a sama.

'Yar Uwar Adashi:
Innalillahi. Ɗan'uwa duba hoton nan da kyau. Na zubin hannun hagu ne. Wa ke miƙa kuɗi da hagu? Na kwasar kuma yatsu biyar a ware suna kallon mutum, ai daƙuwa ce. Ka rufa mana asiri.

Ɗan Zane:
Subhanallah. Juya hoton na yi don ya fuskanci dama, ban lura ya koma hagu ba. Tafin kuma daga tarin alamomi na ɗauko shi. Na cire duka biyun yanzu.

Yaya Mai Figma:
Hannu yana da wuyar zane a 24 ko da babu wannan. Yatsu suna haɗewa. In dole sai da shi, yi shi daga gefe, tafi a sama kamar mai karɓar sadaka, yatsu a haɗe. Amma ni da zan bar hannu gaba ɗaya. Ka yi kwano ɗaya, ko ƙwarya. Zubi: kibiya tana sauka ciki. Kwasa: kibiya tana fita sama.

Malam Injiniya:
Nan kuma ban yarda ba. Alama biyu masu jiki ɗaya, bambancinsu kan kibiya kawai, a jere kusa da juna, a kan allon da ya tsage? Kuskure za a yi ta yi. Ku tuna 2020 da Google ta sake wa Gmail da Drive da Calendar da Meet alamomi, duk ta zuba musu launuka huɗu iri ɗaya. Mutanen da suka yi shekaru suna amfani da su sai da suka riƙa buɗe wannan a maimakon wancan. Ido siffar waje yake fara kamawa kafin ya shiga ciki. Zubi da kwasa su bambanta tun daga inuwarsu.

Yaya Mai Figma:
Sai a bambanta su da launi, kore da ja.

Malam Injiniya:
Launi ƙari ne, ba ginshiƙi ba. Akwai masu matsalar rarrabe ja da kore, ta fi yawa a maza, kuma wasunsu ba su ma san suna da ita ba. A rana kuma duk launi yana kodewa. Sannan ja a manhajar kuɗi yana nufin an samu matsala, kwasa kuwa ranar farin ciki ce.

Yaya Mai Figma:
Na karɓi ta jan. Amma har yanzu ina ganin kwano ɗaya yana koyar da cewa abu ɗaya ne ake zubawa ake kwashewa. A gwada duka biyun a ga wanda mutane za su gane.

Almajirin Kodin:
Afuwan in na kauce kaɗan. Tunda an ce wasu suna karanta Alƙur'ani, in an sa Ajami a manhajar, allo zai juya daga dama zuwa hagu. Alamomin fa?

Malam Injiniya:
Wasu suna juyawa, wasu ba sa juyawa. Kibiyar komawa baya da ta ci gaba dole su juya, Android tana da autoMirrored don haka. Agogo ba ya juyawa, alamar kunna sauti ma ana barinta yadda take. Asusu da kwano babu ruwansu. Ka ga wani dalilin barin hannu ke nan, in ya juya da kansa dama ta koma hagu. Rubutun boko kuma, Ɗan Zane, ka tabbata nau'in harafin da ka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ. Kalmar "saƙo" tana cikin maɓallanka. In babu harafin, waya za ta aro shi daga wani nau'in ya fito a karkace, ko ta nuna akwati. Noto Sans yana da su.

Ƙanwar Malam:
Yayana makaho ne, da TalkBack yake amfani, mai karanta masa allon waya da murya, kuma yana zubi a adashi biyu. Roƙona ɗaya: kowace alama ku rubuta mata bayaninta a ciki, wanda waya ke karantawa. Akwai manhajar kuɗi da yake amfani da ita, duk inda ya taɓa sai ta ce masa maɓalli ne kawai, babu suna. Dole sai ya kira ni ko ya ba wani a waje wayarsa da lambar sirrinsa. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Minti nawa zai ɗauke ku?

Ɗan Zane:
Ba zai kai minti goma ba, contentDescription ne. Na rubuta a jerin abin da zan miƙa wa mai haɗa manhajar, kuma zan bi in tabbatar da kaina. Ki gaida Yaya.

Ɗan Zane:
'Yan'uwa na dawo, kwana huɗu ke nan. Na bi shawarar Yaya ta a gwada a ga wanda mutane za su gane, na buga alamomin a takarda daidai girman da za su fito a waya, na kuma saka su a tsohuwar Itel da Mai Gyaran Waya ya ara mini, mai tsagaggen gilashi. 'Yar Uwar Adashi ta haɗa ni da Mama, ranar zubi na je, matan suna zaune a tsakar gida a kan tabarma. Ban ce wa kowa "mene ne wannan" ba. Cewa nake yi, "Hajiya, yau ranar zubinki ce, ina za ki taɓa?" sai in yi shiru.

Asusun ya wuce ba gardama. Wata dattijuwa tana ganinsa ta yi dariya ta ce irin wanda take siyo wa jikokinta ne. Sulallar da na ƙara wa girma ita ta yi aikin, don na nuna tsohon zanen ma, aka ce tulu.

Kwano mai kibiya biyu ya faɗi, Malam ka yi gaskiya. Kusan duk wadda na ba sai ta tsaya tana kai yatsa tana dawowa. Ɗaya ta ce kibiyar da ke sama tana nufin kuɗi sun ƙaru. Abin da ya yi aiki shi ne zubi ya zama kwano da takardar kuɗi tana shiga, kwasa kuma ya zama damin kuɗi ɗaure da roba, babu kwano sam. Mama ce ma ta ba ni wannan, ta ɗauko damin da za ta ba mai kwasar ranar ta ce, "Ga kwasa nan, me za ka zana da ya wuce wannan?"

Da na sa rubutu a ƙasa saurinsu ya ƙaru a fili, har waɗanda suka ce mini ba su yi boko ba. Na ɗauki bidiyon hannayensu kawai, da izininsu, na nuna wa oga. Ya amince da rubutun. Murya ya ce sai sigar gaba.

Abin da ya rage mini: alamar saƙo. Ambulan na sa, babu wadda ta gane shi, ɗaya ta ce katin biki ne. Kumfar magana irin ta WhatsApp sun gane, amma sai suka ɗauka hira za su yi da sauran 'yan adashin, alhali sanarwa ce daga manhaja.

Malam Injiniya:
Gwada ƙararrawa, sun saba ganinta a Facebook. Ka canza kalmar ma daga "saƙo" zuwa "sanarwa", in ta shiga filin.

'Yar Uwar Adashi:
Za ta yi tsawo a kan ƙaramar waya. "Labari" fa? Haka Mama ke cewa, "an turo labarin zubi." Ranar Asabar akwai wani zubin, ka zo da ƙararrawar da kalmomin biyu, bayan la'asar sun fi taruwa.

Ɗan Zane:
In sha Allah ina nan tafe. Yaya, na tura miki fayil ɗin damin kuɗin, robar tana cinye layi ɗaya a 24, ki duba mini ko in mayar da ita tsaga fara a maimakon layi.